Gonar Da Muka Share Har Ta Ɓace Daga Taswira

Yau da sassafe akuyar maƙwabcinmu ta cinye wani sashe na hujjar da muke da ita a gaban gwamnati. Ban ga laifinta ba. Ita dai ta ga busasshen karan dawa a tsaye cikin gona, ta yi abin da akuya ta saba yi. Ba wanda ya sanar da ita cewa wannan karan takardar shaida ce. Mu kanmu sai bana muka sani.

Na bi ta da gudu, silifas ɗina ya tsinke, na kife a kan layi na uku, na kwantar da kara wajen ashirin da ƙirjina. Wato ɓarnar da na yi ta ninka ta akuyar. Inna, mahaifiyata, tana tsaye a bakin gona da fartanya a kafaɗa. Ta dube ni, ta dubi akuyar, ta ce, "Da ka ƙyale ta. Ita ko ba komai ta ƙoshi."

Mai karatu, na san ka fara tambayar me ya kai ƙaton saurayi gadin busasshen kara a tsakiyar rani. Gyara zama ka ji. Ni ba mutum ne mai zama wuri ɗaya ba. Tun da na bar makaranta a aji biyu na sakandare na taɓa facin taya, na taɓa cajin waya, na bi motar yashi, babu sana'ar da ta ga wata shida a hannuna. Inna kan ce kujera ba ta taɓa yin ɗumi a ƙarƙashina ba. Amma maganar nan ta ɗaure ni a ƙauye kwana ashirin da ɗaya cur, ban leƙa ko tasha ba sai da dalili.

Gonar ita ce abin da Baba ya bar mana. Ba wata babba ba ce. In ka tsaya a wannan gefe ka yi tari, na wancan gefen zai ce maka sannu. Amma daga cikinta muke ci, ni da Inna da ƙannena mata biyu, wata takwas a shekara. Sauran wata huɗun kuwa sai Allah, sai buge-bugena. Ba mu da takarda a kanta, kuma babu mai takarda a ƙauyen kaf. Shaidar gona a wurinmu ita ce kowa ya san bayan wanda yake gani a duƙe cikinta da damina.

Wata biyu da suka wuce mai unguwa ya tara mu a gindin bishiyar da ke gaban firamare. Ya zo da takarda mai hatimi, ya riƙe ta da hannu biyu kamar jariri. Ya ce gwamnati, saboda ƙaunar da take yi wa manoma, ta sayo jirgi mara matuƙi. Zai tashi sama ya ɗauki hoton kowace gona, kowane gida, kowace rijiya, a zuba cikin kwamfuta, kwamfuta ta haɗa taswira. Daga ranar, in ji takarda, an daina rabon taki da iri da ka. Taswira ce za ta nuna wanda ke noma da wanda ba ya yi.

Mai aski ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, takin nan da aka rubuta sunayenmu a kansa shekara uku da suka wuce, shi ma jirgin ne zai sauko da shi?"

Mai unguwa ya duba takarda sama da ƙasa, ya ce wannan tambayar ba ta ciki.

Sai ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya shiga nasa bayanin, wanda shi ma ba ya ciki.

"Jama'a, ku buɗe kunne. Duk zuwan da manya ke yi mana a baya, ta ƙasa suke zuwa. Mu share bakin hanya, mu shafa wa duwatsu farar ƙasa, mu tura sharar bayan masallaci, su wuce, mu rabu lafiya. To wannan karon ta sama za su duba. Babu lungun da za mu ɓoye ƙazanta. Kada wanda ya ba ni kunya. Kowa ya je ya gyara gonarsa."

A nan sai in ɗan yi wa mutanen birni bayani. Mu idan mun yi girbi ba ma kwashe kara daga gona. Muna yanke kan dawa mu bar karan nan. Mai buƙatar danga ya ɗebi nasa, sauran kuma shanun makiyaya su shigo su ci ganyen, su bar mana kashinsu a matsayin godiya. Sai hadari ya fara haɗuwa ake sharar gona. Saboda haka gonar manomin gaske da rani kaca-kaca take, kara nan, kashin shanu can. Haka Baba ya yi, haka nasa uban ya yi, kuma ba wanda ya taɓa jin kunya, don ba wanda ya taɓa tunanin za a leƙo shi ta sama ban da Mahaliccinsa.

Amma manya za su gani. Muka fita ƙwanmu da ƙwarƙwatarmu. Aka tuge kara, aka tara, aka cinna wuta. Kwana huɗu ƙauyen yana hayaƙi, tsofaffi na tari suna sa wa gwamnati albarka. Mai unguwa ya zagaya ya ce kunyoyin bara ma sun ɓata tsari, wasu sun karkace. Aka ɗaura rassan ƙaya a bayan jakuna aka ja, ƙasa ta kwanta sumul. Inna kuwa, da yake ba ta iya rabin aiki ba, bayan an gama jan ƙaya sai da ta bi gonarmu da tsintsiya, tun daga wannan iyaka har waccan.

Abu ɗaya ta ƙi. Ta ce ita ba ta cinna wa abin da ta yi wa gumi wuta. Ta sa na kwaso karanmu kaf a kaina zuwa gida, muka sabunta danga tun daga ƙofa har makewayi. Gidanmu bai taɓa rufuwa irin ta bana ba.

Mutum ɗaya ne a ƙauyen bai ɗaga ko tsinke ba, wanda gonarsa ke jikin tamu. Sai-Gobe ake ce masa, har 'ya'yansa ma da ƙyar suke tuna sunansa na yanka. Mai unguwa ya aika masa sau uku, sau uku yana ba da amsar da aka san shi da ita.

Ranar tashin jirgi motoci goma sha huɗu suka shigo ƙauyen. Na ƙirga su da kyau, domin a satin na yi wuni biyu a layin gidan mai da galan ɗin mai injin niƙa, na dawo da galan ɗin yadda na tafi da shi. Da na ga motocin nan kowace injinta na aiki a tsaye don sanyin ciki kada ya gudu, sai hankalina ya kwanta. Ashe man bai ɓace ba. Yana nan lafiya a hannun waɗanda suka san darajarsa.

An kafa rumfa, an jera kujeru masu riga, an raba huluna masu hoton jirgi. Hulunan ba su kai kanmu ba, sun ƙare a layi na biyu. Mai Girma Babban Mai Hangen Ƙasa Daga Sama ya yi jawabin awa guda, inda ya tabbatar mana cewa daga yau babu manomin da zai ƙara ɓoyuwa wa gwamnati. Muka tafa. Ni dai ban san muna ɓuya ba, na ɗauka ita ce ba ta san hanya ba.

Sannan aka buɗe akwati. Jirgin da muka yi kwana huɗu muna shan hayaƙi dominsa bai fi tire girma ba, da 'yan fuka-fukai huɗu kamar na fanka. Wata matashiyar injiniya ce ta haɗa shi, kuma ita kaɗai ce a cikin baƙin take gumi. Aka miƙa wa Mai Girma wani abu mai maɓalli, ya danna, jirgi ya tashi, aka yi guɗa. Ni da ke tsaye ta baya na lura cewa injiniyar ce ke tuƙa shi da wani abin daban. Na Mai Girma ko batir babu. Wannan shi ne tsari mai kyau, kuma da za a riƙa yin haka a sauran ayyuka da an huta.

Minti arba'in jirgin ya yi yana kai-kawo a kan gonaki, layi bayan layi, kamar mai shuka. Mai unguwa ya ce mu ɗaga hannu mu gaishe shi. Shi kuma ya je ya tsaya a bakin gonar Sai-Gobe ya baza babbar rigarsa, ko Allah zai sa ta rufe wani abu.

Bayan sati biyar aka manna taswira a bangon firamare. Gaskiya ta yi kyau. Launi uku ne. Kore shi ne gona. Ruwan toka shi ne gidaje. Ruwan ɗorawa kuma, kamar yadda aka rubuta a gefe, shi ne "filin da ba a amfani da shi". Daga bayan gari har bakin rafi ruwan ɗorawa ne shimfiɗe, sai ɗan kore guda ɗaya a tsakiya, mai kusurwa huɗu. Gonar Sai-Gobe.

A ƙasan taswirar akwai ƙaramin rubutu. Duk filin da ba a amfani da shi za a tattara shi a miƙa wa wani kamfani mai zuba jari, domin ci gaban al'umma. Mai ƙorafi yana da kwana ashirin da ɗaya.

Inna ba ta karatu, ni na karanta mata. Ta ce, "Ina tamu?"

Na ɗora yatsa.

"Wannan launin me yake nufi?"

"Wai ba mai noma wurin."

Ta daɗe tana kallon inda yatsana yake. Sannan ta juya ta nufi gida. Ranar ta dafa abinci ta zuba mana, ita ba ta ci ba. Ta kifa turmi ta zauna a kai har rana ta faɗi. Tun rasuwar Baba ban ga Inna zaune hannunta ba komai ba sai ranar.

Shi kuwa Sai-Gobe wasiƙa aka aiko masa, an zaɓe shi manomi mafi himma a yankin, ya zo ofis ya karɓi lambar yabo. Ba sai na faɗa maka ranar da ya ce zai je ba.

Na ɗauki ƙafa zuwa ofishin filaye a cikin gari. Ɗaki ne dogo, da benci ɗaya na masu jira, fanka a sama da yanar gizo-gizo ta lulluɓe, fayil-fayil ɗaure da igiya jingine da bango har kusa da taga. A tsakiyar wannan duka ga sabuwar kwamfuta, an rufe ta da ƙyalle mai fure. Ranar farko babu wuta, janareta kuma babu mai. Rana ta biyu an kawo wuta, amma wanda ya san lambar sirrin kwamfutar ya tafi taron bita kan yadda za a hanzarta aiki. Rana ta uku Allah ya haɗa wuta da mai lamba a ɗaki ɗaya.

Na rusuna gaban akawu mai lambar na ce, "Yallaɓai, gonar mahaifiyata ce aka sa wa ruwan ɗorawa."

Akawun bai ɗago ba. "Ba wanda ya sa mata. Na'ura ce ta gani."

"Yallaɓai, sama da shekara arba'in ana noma ta."

"Na'ura ba ta ganin shekara. Abin da ke ƙasa ranar da ta tashi shi take gani."

Ba mugun mutum ba ne, kuma yana alfahari da kwamfutar. Ya yaye ƙyallen ya ce in matso. Ya nuna mini yadda taswirar take hawa-hawa. Ya danna nan, hanyoyi suka fito. Ya danna can, gidaje suka hau kai. Ya sake dannawa, wuraren ruwa suka bayyana da ɗigo shuɗi. Na ga ɗigo ɗaya a gaban firamarenmu, an rubuta "ingantaccen ruwan sha". Famfon burtsatse ne da wani Mai Girman ya buɗe shekara huɗu da suka wuce. Ruwan da ya taɓa fitowa daga cikinsa shi ne wanda aka zuba ta sama ranar buɗewa.

Na ce, "Yallaɓai, wannan ma jirgin ne ya ga ruwa a ciki?"

"A'a. Wannan ba daga sama aka ɗauko ba. Daga fayil aka ɗauko."

Sai ya jawo gonarmu ya buɗa ta har ta cika gilashin. Ya girgiza kai cikin sha'awa. "Dubi nan. Ko tsinke babu. Ni tun da muka fara aikin nan ban ga fili mai tsafta irin wannan ba. Sai ka rantse da tsintsiya aka bi shi."

"Da ita aka bi shi, yallaɓai."

"To ka gani."

Na ce ina da shaidu, ƙauyen gaba ɗaya. Ya ce su ma ai nasu ruwan ɗorawa ne, kuma a ƙa'ida wanda ba manomi ba ba ya shaidar gona. Manomi ɗaya taswira ta sani a yankin, ko shi ma bai zo karɓar lambarsa ba. Sannan ko ya zo, maganar baki ba ta goge hoton sama. Hoton sama sai hoton sama. Ya ba ni fom na cike. Ya ce jirgi zai sake tashi ranar ƙarshe ta wa'adi, idan an samu mai.

Na ce, "Yallaɓai, don Allah me na'urar take so ta gani?"

"Alamar noma mana. Layi-layi, kara, tarkace. Irin na wancan bawan Allah mai himma."

Na dawo gida na tarar da Inna tana tankaɗe. Na zayyana mata komai. Ta ajiye rariya, ta bi sabuwar dangarmu da kallo daga ƙofa har makewayi.

"Kwana nawa suka rage?"

"Tara."

"Ɗauko wuƙa. Ka kwance igiyoyin a hankali, kada ka yanka."

Mai karatu, in ba ka taɓa yin huɗa da rani ba, kada ka fara. Ƙasar da ke narkewa a bakin garma da damina, yanzu in ka sara sai ta mayar maka da saran har cikin haƙora. Kwana biyar ni da Inna muna tada kunyoyin da muka biya jaki ya rushe. Ƙannena suna jido ruwa daga rafi, muna jiƙa rami, muna cusa kara mara saiwa, muna take gindinsa da ƙafa. Da aka gama, Inna ta ce gonar ta cika tsari, ba wanda zai yarda. Ta sa muka karya wasu, muka karkata wasu, na je har mashayar shanu na roro kashi a buhu na zo na warwatsa.

Waɗanda suka ƙona nasu karan suka yi layi a ƙofar Sai-Gobe neman aro. Ya fito yana miƙa, ya saurare su da kyau, ya ce ya ji, su dawo gobe. Mai aski ya ce, "Haba ɗan'uwa, goben nan taka ko sau ɗaya ba za ta waye ba?" Ya ce, "In na ba ku, tawa ta koma launin taku. Ni ban wahala na samu kore ba, ba kuma zan wahala in rasa shi ba." Suka juya suka tafi, don a ƙauyen nan yanzu shi ne ƙwararre.

Sai kowa ya juya kan gidansa. Dangogi suka sauka. Mai aski ya rushe rumfarsa, yanzu a tsakiyar rana yake aski, shi da mai kan duka suna runtse ido. Mai unguwa kuwa bai karaya ba. Da irin himmar da ya sa mu shara, da ita yake zagayawa yanzu, hannu a baya.

"Wannan gonar ta wa ce? Ta yi tsafta da yawa. A watsa mata tarkace. Kada wanda ya ba ni kunya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba kai ka ce a share ba?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi shekarun matarsa. "Takarda ba ta ce a share ba, ba ta kuma ce kada a share ba. Yaro, shugabanci ba faci ba ne."

Zaman gida babu danga shi ma ilimi ne. Kana cin abinci mai wucewa zai yi maka sallama, dole ka ce bismillah, kuma wasu ba su san cewa faɗa kawai ake yi ba. Kajinmu sun daina bambanta gidanmu da duniya. Dangar makewayi kaɗai muka bari, saboda mutunci.

To ita ce ta tafi yau. Bayan ɓarnar akuya da tawa, kusurwar gonar ta gabas ta zama wayam, ga shi yau ne wa'adi ke cika. Inna ta auna gurbin da ido ta ce, "Je ka kwanto ta makewayi."

"Inna, makewayi fa."

"Ka rataya tabarma. Wanda ya leƙa shi da Allah."

Muka cike gurbin kafin rana ta take. Muka zauna a inuwar iyaka muna sauraron ƙarar motoci. Azahar ta yi, babu. Mutane suka fara kallon juna. Inna ba ta kalli kowa ba, hanya take kallo, tana murza bakin zanenta.

Can wajen la'asar sai ga ɗan acaɓa guda ɗaya ya tunkaro, da injiniyar nan a baya, akwatin jirgi a cinyarta. Babu rumfa, babu hula, babu Mai Girma. Ta ce motar ofis ba mai, ita ta ga in ba ta zo yau ba wa'adi ya cika, shi ya sa ta hau babur.

Kafin ta buɗe akwati sai ta tako zuwa gonarmu. Ta tsaya tana kallon layukan. Ta kama kara ɗaya ta ɗan ja, ya biyo hannunta salin alin. Ta juya gindinsa. Babu saiwa, yankan wuƙa ne fes, ga ma shatin igiyar danga a tsakiyarsa.

Mai unguwa ya shiga duba wani abu mai muhimmanci a sararin sama.

Ta dubi Inna. "Mama, wannan dawar ta yaushe ce?"

"Ta bara ce, 'yata."

"A nan ta fito?"

"A nan ta fito. Gida ta je ta dawo."

Injiniyar ta dubi hannuwan Inna, duk sun fashe da huɗar rani. Sai ta mayar da karan cikin raminsa, ta take gindin da takalminta har sau biyu, ta tabbatar ya tsaya.

Ta ce, "Ni hoton sama aka aiko ni in ɗauka." Ta ɗan rage murya. "Tun farko na ce musu a bari sai damina, lokacin da gona ke nuna kanta. Aka ce Mai Girma zai yi tafiya, kuma an riga an buga huluna."

Jirgi ya tashi. Wannan karon ba wanda ya ɗaga masa hannu. Ya yi kai-kawonsa ya sauko. Ta zauna a kan akwatin, ta buɗe ƙaramar kwamfuta a cinyarta, muka kewaye ta har sai da ta roƙi a ba ta iska. Wani ɗan zare yana ta tafiya a gilashin, a hankali, kamar shi ma ma'aikaci ne. Sannan hoto ya fito. Kore nan, kore can, wasu wuraren da tabon ruwan ɗorawa inda kara bai isa ba. Ta jawo tamu. Kore shar, daga iyaka zuwa iyaka.

Inna ta goge hannunta a zane, ta taɓa gilashin da ɗan yatsa ɗaya. Ta ce alhamdu lillahi, ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Injiniyar ta rubuta wata lamba a takarda ta sa hannu, ta ce a adana, gonar ta shiga rajista a matsayin gona. Inna ta ƙulle takardar a bakin zane, ƙulli uku.

Har mun fara yi mata godiya sai na ga ta tsuke fuska tana matsar da hoton zuwa cikin gari.

"Gidanku wanne ne?"

Na nuna mata. A taswirar farko gidanmu ruwan toka ne, zagaye da layinsa. Yanzu da babu danga, na'ura ta haɗa tsakar gidanmu da lungu, da tsakar gidan mai aski, da filin da ake ɗaure jakuna, ta shafa musu launi ɗaya. Ka san launin. Ɗakunanmu biyu kuma ta rubuta musu "rumfunan wucin gadi". Mai ƙorafi yana da kwana ashirin da ɗaya.

Injiniyar ta dafe goshi. Ta ce ita ba ta da ikon taɓa launi, abin da ya shiga ya shiga.

Inna ta tashi ta kakkaɓe zanenta. "'Yata, ranar da za a zo duba gidan, gonar ma za a sake dubawa?"

"A'a Mama. Fom ɗin gida daban, na gona daban. Ofishin ma daban."

"To madalla." Ta juyo gare ni. "Igiyoyin nan da na ce kada ka yanka, suna ina?"

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina miƙa godiyar iyalinmu ga Mai Girma Babban Mai Hangen Ƙasa Daga Sama, wanda a zamaninsa aka tabbatar da cewa gonar Baba gona ce. Roƙo ɗaya nake da shi, ranka ya daɗe. Duk ranar da jirgi zai tashi, a riƙa aiko mana tun da wuri wanne za a duba, gida ko gona. Karan namu kashi ɗaya ne, kuma duk tafiya sai ya ragu.